Takardar Kokila a Ƙunshin Ƙosai

SHAFI NA 23

Sai da ya cinye ƙosai biyu sannan ya lura da jan rubutun.

Yana zaune a bencin tashar bas ta Haputale, jaka a cinya, laima a tsakanin gwiwoyi, yana jiran motar da tun da aka kafa garin ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba. Kamar kowace Alhamis, Masta Sivam ya sayi vadai uku, ƙosan garin nan, wurin matar da ke suya a ƙofar tasha, ta zuba masa a ƙunshin takarda. Wannan ne abincin ranarsa. Sau da yawa kuma wannan ce hirarsa ta yinin gaba ɗaya.

"Uku," in ji shi.

"To, Masta," in ji ta.

Mai ya jiƙa takardar har ana ganin bayanta. Ta nan ya hango jan biro.

A garin nan wannan ba abin mamaki ba ne. Takardar jarrabawar da aka raba wa ɗalibai ranar Juma'a, kafin Litinin ta zama mazubin gyaɗa. Masta Sivam ya taɓa cin gyaɗa a cikin lissafin wani, ya taɓa cin dafaffen wake a cikin tarihin sarakunan Kandy. Abin da bai taɓa yi ba shi ne cin abinci a cikin rubutun hannunsa.

Ya juye ƙosan da ya rage a tafin hannu, ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a kan jaka.

Shafi na uku ne na amsar ɗalibarsa Kokila.

Shekara goma sha biyu ke nan yana koyar da aikin jarida a sakandare, darasin da iyaye ke tura ɗansu idan lissafi ya ƙi shi, kimiyya ta kore shi, ajin kasuwanci ya ce wuri ya cika. A duk makarantar shi kaɗai ke rubuta wa ɗalibi bayani a ƙasan maki. Sauran malamai su zana lamba, su kewaye ta, su tafi shan shayi. Shi kuwa sai ya cika gefen takarda, ya juya baya ya ci gaba. Ɗalibai su karɓa da hannu biyu cikin ladabi, su dubi lambar, su ninke. Ya sani sarai. Amma mutumin da matarsa ta tafi Toronto renon jika na wata uku, yau shekara huɗu, dole ya sami wanda zai yi wa magana, ko da gefen takarda ne.

Tambaya ta biyar ita ce wadda yake sawa kowace shekara a jarrabawar gwaji. A kan hoton nan take, wanda ke rataye a bangon ajinsa cikin gilashi, kusa da takardar yabo. Mace a durƙushe cikin laka, hannuwa biyu a sama, baki a buɗe, a bayanta rabin tsauni ya sauko kan ɗakunan ma'aikatan gonar shayin Kallumalai. Shi ya ɗauka, shekara tara da suka wuce, lokacin yana tura wa wata jaridar Colombo hotuna a ƙarshen mako. A shafin farko aka buga shi. A ƙarƙashinsa aka rubuta "daga wakilinmu", babu suna, abin da har yau bai yafe ba.

A gaban hoton nan yake buɗe darasin farko na kowace shekara, da dokokinsa uku da ɗalibai suka haddace kamar addu'ar safiya ta makaranta: ka matsa kusa, ka kula da haske, hoton da ya ɓaci ka goge shi nan take, mai sana'a ba ya ajiye shara.

*Yi bayanin yadda mai hoton ya isar da baƙin ciki. Maki ashirin.*

Ɗalibai huɗu suka mayar masa da abin da ya koya musu. Haske, kusurwa, hannuwan da suka raba hoton gida biyu. Suka ci sha biyar, sha shida.

Kokila kuwa ga abin da ta rubuta, yana nan a ƙarƙashin mai:

*Mai hoton ya isar da baƙin cikin ne ta hanyar neman a maimaita masa. Matar ta riga ta sauke hannu, ta gaji da kuka. Ya ce mata na farkon bai yi kyau ba, ta daure ta sake ɗagawa. Ta sake ɗagawa, don ta zaci ma'aikacin gwamnati ne. Haske da kusurwa sun yi kyau.*

A ƙasa kuma ga nasa, da ja:

*Ina hujja? Ɗan jarida ba ya rubuta abin da bai gani ba. Jarrabawa ba wurin ƙaga labari ba ce, rashin kunya kuma ba nazari ba ne. 4/20. Ki gan ni.*

Ba ta gan shi ba. Tun daga ranar ma ba ta sake taka makarantar ba.

Ya karanta nasa rubutun sau biyu. Rubutu ne tsaf, babu kuskure ko na waƙafi. Aibinsa guda ɗaya ne: duk abin da yarinyar ta rubuta, haka aka yi.

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa. Da ya ga amsar a ranar, ya ce wa kansa yarinya ce mai wayo ta yi kintace ta dace. Wannan dacewar ce ta sa ya danna biron har ya huda takardar. Ga hudar nan a kan alamar tambaya, mai ya taru a cikinta.

A cikin jakar da takardar ke kai akwai fom ɗin babbar jarrabawa. An cike komai, saura sa hannun Kokila. Sau biyu yana zuwa adireshin da ke rajista, yana tarar da kwaɗo a ƙofa. Gobe Juma'a ƙarfe goma sha biyu Madam Selvarani, shugabar makaranta, za ta liƙe ambulan ta aika. Wanda sunansa bai shiga ba, shekararsa ta tafi. Da safen nan ta tare shi a baranda.

"Masta, ɗalibi biyar ko babu darasi. Huɗu ba aji ba ne, hira ce. In yarinyar nan ba ta sa hannu ba, baɗi ka shirya koya wa 'yan aji shida wanke hannu."

Bas ta shigo tasha. Yau, don wulaƙanci, kusan a kan lokaci.

Ya bar ta ta tafi.

Matar tana tsaye a bayan kaskonta, tana juya vadai da matsami. Gajimare ya fara saukowa kan titi kamar yadda ya saba da rana tsaka a wannan watan.

"Akka," ya kira ta yadda kowa a tashar ke kiranta, wato yaya. "Wa ke naɗa miki takardun nan?"

Ba ta ɗago ba. "Ta yi datti ne, Masta? In sake maka wata?"

"Wa ke naɗawa?"

"'Yata ce. Ita ma ta ware maka wannan tun safe, ta ce in mai baƙar laima ya zo, a ciki zan zuba masa. Na ce wane irin gata ne wannan, a takarda?" Ta juya kai. "Kokila! Ga wani ya zo ƙorafi a kan aikinki!"

Ya zagaya bayan amalanken suyar.

A ƙarƙashin tamfol, a kan kifaffen akwatin lemo, Kokila na zaune. Ba farar rigar makaranta, ba kitso biyu da ƙyallen ɗauri. Rigar sanyi ce a jikinta wadda ta yi mata yawa. A gabanta tulin tsofaffin takardu da kwanon ƙullun shinkafa na liƙi. Ta ɗauki takarda, ta murɗa, ta shafa, ta ajiye. Ta ɗauki wata.

Ɗaliba in ta ga malami miƙewa take yi. Kokila ta ɗaga jiki kamar taku ɗaya daga akwatin, ta koma ta zauna.

"Barka da rana, Masta."

"Sati uku."

"Da kwana biyu."

"Na rubuta ki gan ni."

"Ga shi na gan ka."

Ya ɗaga takardar da yatsa biyu. "Wannan fa?"

"Takarda ce mai kauri, Masta. Naka sun fi na kowa riƙe mai. Sai dai jan yakan zuba a ƙosai, masu saye su tambaya ko barkono ne."

Bai yi dariya ba, ko da yake a wata ranar da ya ba wannan amsar maki.

Ya buɗe jaka ya ciro fom ɗin. Ya nemi wurin da babu mai, bai samu ba, ya riƙe a hannu.

"Gobe sha biyu ake rufewa. Sa hannu nan."

"Su nawa suka rage a ajin?"

"Huɗu."

"Ashe cikon biyar ake nema."

"Ke yarinya, ki iya bakinki."

"Tambaya na yi, Masta. Kai ka ce ɗan jarida ya fara tambayar wa zai amfana."

Ya haɗiye wannan. Babu abin da ya kai ciwo irin a doke ka da sandar da ka sassaƙa da hannunka, kuma ka ga an riƙe ta daidai.

"Eh, ina buƙatar biyar," ya ce. "Ban ɓoye ba. Amma a ajin nan ke kaɗai ce ke rubuta jimla ta tsaya da ƙafarta. Sauran huɗun in na yi atishawa sai su rubuta, ko zai fito a jarrabawa. Ke za ki shiga jami'a. A kan maki huɗu na gwaji za ki zubar da shekara biyu ki zauna kina murɗa takarda?"

"Ba a kan makin ba ne."

"To a kan me?"

Ta goge yatsunta a jikin rigar. Ta leƙa wajen uwarta. Mutum uku na tsaye suna jiran suya, kasko na ta ƙara. Ta sassauta murya.

"Ka tambaye ni hujja."

"Na tambaya."

"Rigar ruwanka shuɗiya ce. Aljihun hagu a yage."

Masta Sivam ya sauke hannun da ke riƙe da fom ɗin.

"Kana da gashi a lokacin. Da gemu. Ruwa na dukan kyamararka, kana ta goge ta da hannun riga. Ka waiga ka ga wata yarinya tsaye ba takalmi. Ka miƙa mata laima, ka ce, riƙe nan, sama, sama, kada ki motsa."

Ta dubi laimar da ke rataye a hannunsa.

"Ina jin ma wannan ce."

Ita ce. Waya kawai ya ɗaure mariƙin da ita.

"Ban motsa ba, Masta. Na riƙe da kyau. Ko ɗigo bai taɓa kyamarar ba."

Ya nemi wurin zama. Babu. Ya jingina da sandar tamfol ɗin, ruwan da ya taru a sama ya zubo masa a kafaɗa, bai kauce ba.

"Matar..."

Haɓa kawai Kokila ta ɗaga ta nuna.

Ya juya.

Bayanta yake gani. Zane ruwan toka, gashi a ƙudundune, furfura ta fara. Ta ɗaga matsami sama don mai ya tsane, hannun rigarta ya zame. Ya san wannan hannun. Ya san shi fiye da nasa. Shekara tara yana bin sa da tsinin sanda a gaban aji, daga gwiwar hannu zuwa yatsu.

Shekara biyu kuma hannun nan na miƙo masa vadai uku kowace Alhamis. Mutumin da gwamnati ke biya ya koya wa yara kallon hoto bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar mai suyar ba.

"Maragatam sunanta," in ji Kokila. "Ba ka tambaya ba a ranar. A jarida 'wata uwa' aka rubuta."

"Kokila..."

"Ranar farko da na shigo ajinka na gan ta a bango. Na ɗauka kaina ne ya taɓu. Shekara biyu ina zaune a ƙarƙashin uwata, kana cewa ku dubi layin hannun nan, ku dubi yadda ya raba hoton. Ni ma ina rubutawa. Har na ci a zangon farko."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba ka tambaya ba. Da ka tambaya a jarrabawa, na faɗa."

Wani kwandasta ya wuce yana kiran Bandarawela, Bandarawela, kamar garin zai gudu.

"Wa take wa kuka?" Shekara tara, sai yau tambayar ta zo masa.

"Ƙanena, Mayuran. Shekararsa huɗu. Yana barci a ɗaki." Ta ɗauki takarda, ta murɗa, ba ta shafa liƙi ba, ta warware. "Babana kuma a zaftarewar ƙasa ta biyu ya tafi. Ka tuna ta biyun? Kowa ya gudu. Kai ma ka gudu. Ka dai tsaya ka karɓi laimarka."

Ya tuna.

"Maƙwabta sun gan ta ta ɗaga hannu sau biyu. Ranar ƙona gawar babana kakata ta zo da jaridar, ta shimfiɗa a gabanta a gaban mutane, ta ce ga 'yar wasan kwaikwayo, ɗanta na cikin laka tana gyara tsayuwa. Bayan kwana talatin muka bar Kallumalai. Ba wanda ya ce mu tafi. Ba wanda kuma ya ce mu zauna."

"Ta san ni ne?"

"A'a. Ai ba su sa sunanka ba."

Karo na farko a shekara tara, Masta Sivam ya ji ya yafe wa jaridar.

"Kuma ba na so ta sani," ta ƙara da sauri.

"Don me?"

"Wannan ba ya cikin tambayar, Masta."

Ta kau da kai. Ya lura, amma bai bi ba. Hankalinsa na kan fom ɗin da gefensa ya fara jiƙewa.

"Me kike so in yi?"

"Ka gyara."

Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, inda yake zaune kullum kusa da shuɗin. "Ashirin bisa ashirin. Yanzun nan."

"Ba lambar ba."

"To me?"

"Kai ne kullum kake cewa lamba ba komai ba ce, a karanta bayanin." Ta dube shi ido cikin ido. "Ni ina karantawa, Masta. Duk wanda ka taɓa rubuta min na karanta. Wanda ka ce in daina fara jimla da 'a gaskiya' don mai gaskiya ba ya sanarwa. Wanda ka cika bayan takarda a kan labarin da na rubuta na masu tsinkar shayi, har ka liƙa wata da allura. Suna gida cikin leda, ruwa bai taɓa su ba. Wannan kaɗai na naɗa."

Ya tsaya da biro a hannu.

Shekara goma sha biyu yana rubuta wa gefen takarda wasiƙa. Ashe akwai mutum ɗaya a ɗaya ɓangaren. Kuma ita ce ya ce wa mara kunya.

"Ka rubuta abin da ya faru," in ji ta. "A ƙasan wancan. Ka sa hannu. Sai in sa nawa."

Ta miƙo hannu ta karɓi fom ɗin, ta ɗora a gwiwa. Ta zare shuɗin biron daga aljihunsa ba tare da neman izini ba, ta cire murfin, ta jira.

Ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shimfiɗa takardar a kan jaka, ya sa bakin biro a ƙasan "Ki gan ni."

Biron ya ƙi.

Ya ja. Babu komai sai sawu. Ya gwada a tafin hannunsa, ja ya fito raɗau. Ya koma kan takardar, ya ƙi. Mai ya cinye ta tas. Ya gwada gefe, ya gwada sama, ya karce har ta fara yagewa.

"Ba ya kamawa."

"Na gani."

"In kawo wata takardar?"

"A'a. A wannan ka yi min ƙarya." Ta matso kusa. "To faɗa da baki. A hankali."

A hankali. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana magana don na bencin ƙarshe ya ji, ana ruwa a kan kwano. Muryar malami ba ta san raɗa ba. Ya ɗauka raɗa yake yi.

"Abin da kika rubuta gaskiya ne. Kin gani da idonki. Ni ne na rubuta abin da na san ba haka ba ne." Ya ja numfashi. "Ta sauke hannu. Na ce mata na farkon bai yi kyau ba. Na ce ta daure ta sake ɗagawa. Wani mutum ne ya gifta ta bayanta da fartanya a kafaɗa, ya juyo yana kallona, ya ɓata min hoton. Shi ya sa na..."

"Masta!"

Kokila ba shi take kallo ba. Bayansa take kallo.

Sai a lokacin ya ji shirun. Kasko ya daina ƙara.

Maragatam na tsaye a bakin tamfol da kofunan gilashi biyu na shayi. Ta gane malamin 'yarta ne, ta sauke kasko, ta je shagon maƙwabci ta karɓo masa shayi mai madara, irin wanda ake ba baƙon kirki.

Ba ta saki kofunan ba. A fim da sun faɗi sun fashe. Ita kuwa aro ta yi, sai ta sunkuya ta ajiye su a kan akwati, ɗaya bayan ɗaya.

Ta miƙe ta dube shi. Daga sanƙo zuwa takalmi, daga takalmi zuwa laima.

"Kai ne mai shuɗiyar riga."

"Mama, ki koma, mutane na jira."

"Su jira." Idonta na kansa. "Ka tsufa."

Yana durƙushe har yanzu. Ya jira mari. Ya ma miƙa fuskar kaɗan, don in an mare shi, da ya san a inda lissafin ya tsaya.

"Akka, ni..."

"Sha shayinka, zai huce."

Bai taɓa kofin ba.

Ta goge hannu a zane, yatsa bayan yatsa.

"Mai fartanyar nan da ya ɓata maka hoto, mijina ne. Velu. Tono zai je, wajen ɗakinmu. Ya ce min, zauna nan, yanzu zan fito da shi." Ta faɗa kamar mai ba da kwatancen hanya. "Duk abin da muka mallaka yana ƙarƙashin tsaunin nan. Hoton aurenmu, katin aikinsa, komai. Mayuran ina da nasa, wata malamar renon yara ta ba ni. Velu babu."

"Mama, don Allah."

"Kowane gida ka shiga, akwai hoton mamacinsu a bango, an rataya masa fure, an kunna masa fitila. Ni ƙusa ce a bangona, Masta. Kowace Juma'a in sayi fure in rataya wa ƙusa. Baƙi su shigo su dubi ƙusar, su dube ni." Ta nuna Kokila. "Wannan ta fara manta fuskarsa. Ba ta faɗa, amma na sani. Ni ma hancin ya fara gudu min."

Kokila ta sunkuyar da kai kan fom ɗin.

"Shekara tara ina neman ka. Ba don faɗa ba, me faɗa zai dawo min da shi? Har Colombo na je, na tambaya a ƙofar jaridar, mai gadi ya ce wakilan nasu da yawa. Ashe kana nan kana cin ƙosaina." Ta ɗan yi murmushi, abin da ya fi marin zafi. "Tambaya ɗaya ce da ni."

Ya san ta kafin ta fito.

"Na farkon. Wanda ka ce bai yi kyau ba. Ka ce ya juyo yana kallonka, ke nan fuskarsa ta fito." Ta matso taku ɗaya. "Yana nan?"

Doka ta uku. Mai sana'a ba ya ajiye shara.

Ya ga babban yatsansa kamar yanzu. A nan cikin laka, a ƙarƙashin laima, kafin ma ya sake ɗaga kyamarar. Ya dubi ƙaramin allon, ya ga mutum da fartanya, ya ja tsaki, ya danna. Kyamarar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbata.

Allon kuwa a daidai tsayin idon yarinya 'yar shekara tara yake.

Ya dubi Kokila.

Biron na tsaye a kan layin sa hannu, bai taɓa takardar ba. Idonta na kansa, a bushe. Ta gani a ranar. Shekara tara tana raka uwarta sayen fure, tana jin ta tana cewa wata rana za a ga mutumin nan, ba ta taɓa buɗe baki ba. Ga abin da ba ya cikin tambayar.

Ba ta girgiza kai ba. Ba ta gyaɗa ba. Jira kawai take, yadda yakan jira su a aji.

Ya mayar da ido kan Maragatam. Hannuwanta biyu sun haɗu a ƙirji, sun fara ɗagowa ba tare da ta sani ba. Wannan karon ba wanda ya ce ta ɗaga.

"Yana nan," in ji Masta Sivam.

Ta rufe ido. Leɓenta ya motsa. Da ta buɗe, sai ga wata mace daban, wadda ta fi ta hoton ƙuruciya.

"Gobe ba suya," ta ce. "Juma'a ce ma, ka ga dacewa. Zan sayi furen tun safe, mu zo makarantar tare. Ta sa muku hannu a can, ni kuma in karɓi mijina. Ƙarfe nawa kake shiga?"

"Bakwai da rabi."

"Za ka same mu a ƙofa." Ta juya, ta sake juyowa. "Ka sha shayin nan, Masta. In ƙaro maka vadai? Yau kyauta ne."

Ta koma gaban amalanke. Suka ji ta mayar da kasko kan wuta, tana ba masu jira haƙuri, tana dariya.

Kokila ta mayar da murfin biron. Ta ninke fom ɗin gida biyu, layin sa hannu fari fat, ta sa masa a aljihu tare da biron, ta gyara bakin aljihun.

Sannan ta ɗauki takardar mai daga kan jakarsa, ta juyo masa da ita yadda zai iya karantawa. Ta ɗora yatsa a farkon jan rubutun, daidai kan hudar.

Rubutunsa ne, ya san abin da ke wurin.

*Ina hujja?*